Mishigan a kakar 2025: lissafin mutum na takwas da abin da nasarori biyu suka rufe

Ranar 30 ga Nuwamban 2024 ƙungiyar zari-rugar Amurka ta Jami'ar Mishigan ta bi Jami'ar Jihar Ohayo har gida a Kolombus ta doke ta da ci 13 da 10, karo na huɗu a jere. Wata ɗaya bayan nan, ranar 31 ga Disamba a birnin Tampa, ta kara da Alabama ta ci 19 da 13. Ohayon da aka kunyata a gaban magoya bayanta ita ce kuma ta ɗaga kofin ƙasa a watan Janairu. Wanda wasannin nan biyu kaɗai ya kalla zai ce ƙungiyar ta warke sarai, jiran kakar 2025 kawai ya rage. To amma a duba yadda aka tara makin. A minti 120 na wasannin biyu, sau biyu kacal Mishigan ta kai ƙwallo gidan abokan karawa, kuma duka biyun sai da 'yan tsaro suka cafke jifan abokan gaba suka ajiye wa 'yan hari ƙwallo a bakin ƙofa. Sauran makin ƙafar mai bugunta Dominic Zvada ce ta kawo su, bugu shida tsakanin sanduna. A Kolombus, yadi 62 aka samu ta hanyar jifa duk tsawon wasan.

Ga wanda bai saba da wasan ba: mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare, filin kuma yadi 100 ne tsakanin gida da gida, yadin nan dai da tela yake auna atamfa da shi. Masu riƙe da ƙwallo suna da yunƙuri huɗu su ci yadi goma, in sun ci a sabunta musu huɗun. Kai ƙwallo gidan abokan gaba, wato tacdawun, maki shida ne da ƙarin ɗaya na bugu, bugun tsakanin sanduna kuwa maki uku. Hanya biyu ake ci gaba: ko a damƙa wa ɗan ruga ƙwallo ya kutsa da ita, ko kwatabak, madugun 'yan hari, ya jefa wa macafi. Mishigan ta 2024 hanya ɗaya take da ita, kuma kowa ya sani. Wannan hasashe ne na kafin kakar 2025, don haka bara a nan 2024 ce, bana kuma 2025.

A 2023 ƙungiyar ta ci wasa 15 ba tare da an doke ta ba, tana tara maki kusan 36 a kowane wasa, ta ɗauki kofin ƙasa. Daga nan koci Jim Harbaugh ya koma gasar ƙwararru ta NFL, aka zaɓi 'yan wasanta 13 zuwa can, har da kwatabak J.J. McCarthy, sannan katangar mutum biyar da ke kare shi ta watse gaba ɗaya. Sherrone Moore ya gaji kujerar. Sakamakon 2024 nasara 8 ne da faɗuwa 5, da maki 286 a wasa 13, wato 22 a kowane wasa. A cire maki 50 da aka zuba wa Northwestern rana ɗaya, lissafin ya sauko ƙasa da 20. Jifa kuwa yadi kusan 130 ne a wasa, can ƙasan jerin ƙungiyoyi 134 na babban rukuni, inda maƙwabtanta su ne makarantun soja, waɗanda da gangan suke ƙin jifa saboda tsarin wasansu ke nan. An gwada kwatabak uku. Davis Warren ya fara, aka zaunar da shi bayan wasan Arkansas State, inda ya yi jifa 14, 11 suka isa hannun 'yan uwansa, ragowar ukun duka suka faɗa hannun abokan gaba. Alex Orji ya karɓa, aka ci USC da yadi 32 na jifa. Jack Tuttle ya karɓa, aka tashi da maki 7 a Ilinoy, sannan ya bar wasa saboda yawan bugun kai. Aka dawo kan Warren. A ƙarshen kaka jifan da abokan gaba suka cafke, guda 13, ya fi wanda ya zama tacdawun, guda 12.

Wannan ciwo ba a jifa kaɗai ya tsaya ba, domin shi ne ya shaƙe gudun ma, kuma a nan ne lissafi yake shigowa. Cikin 'yan hari goma sha ɗaya, kwatabak ba ya tare kowa, mai ɗauke da ƙwallo ma haka. Macafa biyu suna can gefe. Saura bakwai masu tarewa: 'yan katanga biyar, da ɗan gefen katanga, da mai share hanya irin Max Bredeson. Idan 'yan tsaro suka jera mutum bakwai kusa da layin da ake fara yunƙuri, kowa da nasa, ɗan ruga yana iya samun ɓaraka. Idan suka sauko da na takwas, akwai mutum ɗaya da babu mai tare shi, kuma shi ne zai tarbi ɗan ruga a yadi na biyu. Wannan na takwas ɗin ɗaya ne daga cikin masu gadin ƙarshe biyu da ya kamata a ce suna can baya suna tsaron dogon jifa. Kocin tsaro ba ya sauko da shi sai ya tabbata ba za a hukunta shi ba, wato sai ya yarda masu gadin gefensa za su iya riƙe macafa ɗaya bisa ɗaya, kwatabak kuma ba zai iya kai ƙwallo yadi talatin daidai inda ake so ba. A 2024 babu kocin da ya kwana da wannan fargaba a kan Mishigan. Kalel Mullings ya ci yadi 948 da tacdawun 12 da zallar ƙarfin ƙirji, yana ture mutumin da ba a tare ba. Gudunsa na yadi 63 da ya ceci wasan USC, da na yadi 27 a yunƙuri na uku a Kolombus, duka sai da ya suɓuce daga hannun waɗanda suka riga suka kama shi. Ba a gina kaka a kan irin wannan, ga shi ma Mullings ɗin ya tafi NFL.

Saboda haka tambayar 2025 mai sauƙin faɗa ce: me zai sa na takwas ya koma inda ya fito?

Amsar da magoya baya suka riƙe ita ce Bryce Underwood. Ɗan garin Belleville ne, tafiyar ƙasa da rabin awa daga Ann Arbor, garin Jami'ar Mishigan, shi ne aka sa a matsayi na ɗaya cikin 'yan sakandaren ƙasar da suka gama a shekararsa, kuma da ya yi wa jami'ar LSU alkawari kafin ya sauya ra'ayi a Nuwamban 2024. Tsawonsa ƙafa shida da inci huɗu, yana da hannun da ke kai ƙwallo ko'ina a fili, yana kuma iya gudu. Gudun nan yana taɓa lissafin da aka yi a sama kai tsaye, domin idan kwatabak zai iya riƙe ƙwallo ya ruga da kansa, dole a ware masa mutum ɗaya, sai takwas ta koma bakwai. Da Orji an gwada wannan dabara, ta ƙi ci, tunda babu mai tsoron jifansa, sai aka ƙara sauko da mutane. Underwood yana da duka biyun, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa ɗokin da ake yi a kansa yake da tushe.

Sai dai yaro ne da sai a watan Agustan 2025 ya cika shekara 18, kwanaki kaɗan kafin wasan farko. A wasan gwaji na cikin gida da aka yi a watan Afrilu ya yi jifa 26, 12 suka shiga, yadi 187, aka cafke ɗaya. Yadi 88 daga ciki sun zo ne a wasan dabara guda ɗaya a ƙarshen lokaci. Ragowar jifa 25 ba su kai yadi 100 ba. Ba abin tayar da hankali ba ne a wasan gwaji, amma ya nuna inda aikin yake. Kurakuran sabon kwatabak sanannu ne, kuma ba su da alaƙa da ƙarfin hannu. A sakandare abin da ya gani kafin a fara yunƙuri shi ne abin da zai tarar bayan an fara. A jami'a, masu gadin ƙarshe biyu za su tsaya masa a baya kamar za su raba fili biyu, ana miƙo ƙwallo ɗaya ya gangaro ɗayan ya koma tsakiya, sai ya zama wurin da ya yi niyyar jefawa akwai mutum a tsaye. Yaro kan yi ɗayan biyu: ko ya jefa duk da haka a cafke, ko ya tsaya yana sake karanta fili har daƙiƙa ukun da katanga za ta iya ba shi su ƙare, a kayar da shi da asarar yadi bakwai ko takwas. Akwai kuma matsalar masu ƙarfin hannu, ta harba kowace ƙwallo kamar harsashi, har wadda macafi yake yadi biyar a gabansa, sai ta doki hannu ta tashi sama, abin da 'yan tsaro suka fi so ke nan.

Masu cewa ai an taɓa cin kofi da ɗan shekarar farko suna da gaskiya, Trevor Lawrence ya yi a Clemson a 2018. Amma sai a wasa na biyar aka ba shi ragama, yana da Tee Higgins da Justyn Ross suna cafe masa, ɗan ruga Travis Etienne yana bayansa, katangar tsaronsu kuma mutum uku ta bayar a zagayen farko na zaɓen NFL. Mishigan ta ɗauko Mikey Keene daga Fresno State, tsohon hannu da ya taɓa aiki a jami'ar UCF da sabon kocin harin Mishigan, don kada a ɗora wa yaron kaya tun ranar farko, sai rauni ya hana shi atisayen bazara. Kusan duk yunƙurin da ya kamata a raba tsakaninsu Underwood ne da Jadyn Davis suka yi.

Sabon kocin harin a 2025 shi ne Chip Lindsey, wanda aka ɗauko daga Karolina ta Arewa bayan an sallami Kirk Campbell. Abin da ya sa ya dace da Moore shi ne ba mai raina gudu ba ne: a hannunsa ɗan ruga Omarion Hampton ya haura yadi 1,500 shekara biyu a jere, a hannunsa kuma kwatabak Drake Maye ya yi kakarsa ta ƙarshe kafin a zaɓe shi na uku a NFL. Aikinsa na farko shi ne ya rage wa yaro abin karantawa. Hanyoyin sanannu ne. A ba shi rabin fili kawai ya duba, macafi na farko, na biyu, in babu ya ruga ko ya jefar waje. A yawaita yaudarar miƙa ƙwallo, inda zai yi kamar ya damƙa wa ɗan ruga, 'yan tsakiyar tsaro su taka gaba taku biyu, ya jefa a bayansu. A haɗa gudu da jifa a yunƙuri ɗaya, ya kalli mutum ɗaya tak: in ya sauko a jefa, in ya tsaya a miƙa. Ɗan tsakiyar katanga, Greg Crippen, ya ɗauke masa nauyin faɗin wa zai tare wa. Tun 2024 doka ta yarda koci ya yi magana da kwatabak ta na'urar da ke cikin hular kwano, ana yanke layin idan saura daƙiƙa 15 a agogon yunƙuri. Ma'ana idan aka jeru da wuri, Lindsey zai iya ganin tsayuwar 'yan tsaro ya faɗa wa yaron inda zai fara dubawa kafin a kashe masa murya. Ƙungiyar da ke jan ƙafa tana taruwa har agogo ya ci rabi ta yi asarar wannan dama, Mishigan kuma tana cikin masu jan ƙafa tun zamanin Harbaugh.

Abu mafi muhimmanci a nan shi ne lokacin da ake jifa. Bara tsarin ya zama kamar karatun allo: gudu a yunƙuri na ɗaya, gudu a na biyu, sai a tarar da saura yadi bakwai a na uku, lokacin da duk filin ya san jifa za a yi, masu farautar kwatabak sun ɗaura ɗamara. Nan ne wuri mafi wuya ga kowane kwatabak, balle sabo. Jifa mafi sauƙi shi ne na yunƙurin farko, sa'ad da na takwas ya sauko yana jiran gudu. Moore mutumin katanga ne, a Oklahoma ya buga wannan matsayi, katangar da ya horar ta ci kyautar mafi kyau a ƙasar a 2021 da 2022, kuma shi ne ya ja ragama ranar da Mishigan ta rufe wasan Penn State na 2023 da gudu 32 a jere. Zuciyarsa tana wajen gudu. Ko zai bar Lindsey ya jefa a yunƙurin farko bayan yaron ya yi kuskure biyu a filin baƙi, wannan ita ce jarrabawar da ba ta bayyana a takardar sunayen 'yan wasa.

Sannan wa zai cafe? Colston Loveland, ɗan gefen katanga, ya cafe ƙwallo 56 da yadi 582 bara, shi kaɗai ya kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na yadin jifan ƙungiyar, kuma Chicago Bears ta zaɓe shi na goma. Cikin macafan gefe babu wanda ya kai yadi 300, wanda ya fi su kuma, Tyler Morris, ya koma Indiyana. Daga Indiyanar aka samo Donaven McCulley, dogo mai ƙafa shida da inci biyar, wanda ya cafe 48 da yadi 644 a 2023. Irinsa ake nema, wanda za a jefa wa ƙwallo sama ko da mai gadi yana manne da shi. Amma mutum ɗaya ne, kuma bai buga abin kirki ba a 2024. Idan abokan gaba suka karkato da mai gadin ƙarshe ɗaya wajensa, dole ɗaya daga cikin Fredrick Moore, Semaj Morgan ko Marlin Klein ya ci nasa mutumin shi kaɗai. Morgan gwanin gajeren jifa ne a tsakiya, sai dai bara yawancin ƙwallon da ake ba shi a bayan layi take, 'yan tsaro sun riga sun taru. Wannan sashe shi ne mafi rauni a ƙungiyar, kuma kasuwar sauya sheƙa ba ta cike shi yadda ya kamata ba.

Katangar ma da sauran rina a kaba. Myles Hinton, mai tsaron hagu, wanda ya fi kowa natsuwa bara, ya tafi. Gefen hagu shi ne bayan kwatabak mai jifa da dama, inda ba ya ganin mai zuwa. Evan Link ya sha wuya a gefen dama bara wajen tare masu saurin zagayowa, ga shi ana duba yiwuwar mayar da shi hagu. Andrew Sprague ya nuna alama mai kyau a wasan Alabama, amma wasa ɗaya ne. Andrew Babalola, wanda ake yi wa kallon gwanin gobe, ɗan shekarar farko ne, kuma wannan matsayi ba ya son gaggawa. Giovanni El-Hadi da Crippen su ne tsofaffin hannu a ciki. Abin da ke lalata katanga yawanci rashin sabo ne fiye da rashin ƙarfi: 'yan tsaro biyu su yi musaya, na waje ya kutso ciki na ciki ya zagaya waje, sai 'yan katanga biyu su bi mutum ɗaya su bar ɗayan ya wuce salin-alin. Maganinsa mutum biyar ɗin nan su daɗe suna wasa tare. Duk makon da aka ƙara ana gwada wannan a cire wancan a sansanin watan Agusta, daga lokacin sabon ake cirewa. In gefe ya ƙi tsayuwa, sai a riƙe ɗan gefen katanga ya taimaka, macafa su ragu zuwa uku, an gudu ba a tsira ba.

'Yan ruga ba abin damuwa ba ne. Justice Haynes ya zo daga Alabama da saurin da Mullings ba shi da shi, Jordan Marshall kuma ya ci yadi 100 a kan Alabamar a wasan da aka fara ba shi dama sosai.

Inda ba a cika dubawa ba shi ne tsaro, saboda sunansa ya yi kyau. Lissafin mutum na takwas yana aiki a nan ma, amma a juye. Abin da ya kayar da Ohayo shi ne Mason Graham da Kenneth Grant, ƙattai biyu a tsakiyar katangar tsaro, Grant kusan kilo 150. Kowannensu sai an haɗa masa mutum biyu, don haka 'yan katangar Ohayo huɗu suka ƙare a kan mutum biyu, 'yan tsakiyar Mishigan suna yawo babu mai taɓa su. Da mutum shida kusa da layi aka tsayar da gudun Ohayo a yadi 77, aka bar masu gadin ƙarshe biyu a baya suna lura da macafan Ohayo, Jeremiah Smith da Emeka Egbuka. Ohayo ta yi ta dukan bango da ka, ta ƙi jefawa yadda ya kamata, mai bugunta ya ɓarar da biyu. An zaɓi Graham na biyar a NFL, Grant na 13. Josaiah Stewart, wanda ya fi kowa kayar da kwatabak, shi ma ya tafi.

Hujjar masu kwantar da hankali ita ce wasan Alabama, inda waɗannan duka ba su buga ba, aka kuma riƙe Alabama a yadi 68 na gudu. Hujja ce mai nauyi, sai dai a tuna an tafka ruwa a zangon farko na wasan, kwatabak ɗin Alabama Jalen Milroe ya zubar da ƙwallo sau uku kafin zangon ya ƙare, Mishigan ta tsinci kanta da 16 da nema ba tare da ta yi doguwar tafiya ko ɗaya ba. Tsarin 2025 shi ne a maye gurbin gwanaye biyu da yawa: Rayshaun Benny, Tré Williams daga Clemson, Damon Payne daga Alabama, da matasan da ke bayansu, ana juya su don kowa ya shigo da sabon numfashi. Wannan zai iya tsayar da gudu. Abin da yawa ba ya bayarwa shi ne mutumin da zai fasa tsakiya shi kaɗai ya tura ɗan katanga har cinyar kwatabak. Idan babu matsi daga ciki, kwatabak yana takowa gaba taku ɗaya, Derrick Moore da TJ Guy da ke zagayowa daga gefe su wuce ta bayansa a banza.

A nan ne halin Wink Martindale, kocin tsaron Mishigan a lokacin, zai shigo. Ya yi suna a ƙungiyoyin NFL na Baltimore Ravens da New York Giants da farmakin taron dangi, ya turo mutum biyar ko shida kan kwatabak ya bar na baya ɗaya bisa ɗaya. A farkon 2024 ya zo da wannan hali, Teksas ta ci 31 da 12 a Ann Arbor, kwatabak ɗinta Quinn Ewers yana fitar da ƙwallo kafin farmakin ya iso, yunƙuri na uku yana zame musu kamar wasa. Tsaron ya gyaru ne a watan Nuwamba da ya sassauta, ya bar mutum huɗu na gaba su yi aikin, har Indiyana mai zubar da maki ta tsaya a 20. Haɗarin shi ne idan huɗun bana ba su kai na bara ba, hannunsa zai koma inda ya saba. Yana da kayan aikin: Jaishawn Barham ya fi iya farauta fiye da gadi, Ernest Hausmann, haifaffen Uganda, shi ne mai tsara tsayuwa kuma ba ya cika kuskuren wuri. Amma farmaki bashi ne da masu gadin gefe suke biya. Will Johnson ya tafi, ko da yake rabin kakar bara ma rauni ya hana shi. Jyaire Hill yana da jiki da sauri, yana kuma da saurin cin ƙugiya idan macafi ya yi kamar zai tsaya sannan ya wuce. Zeke Berry ya fi kyau da aka mayar da shi gefe daga tsakiya. Rod Moore, mai gadin ƙarshe, wanda ya cafke jifan da ya rufe wasan Ohayo na 2023, bai buga ko wasa ɗaya ba bara saboda gwiwa, kuma dawowa daga irin wannan rauni ba a yi mata alkawarin rana.

Zvada ya ci 21 cikin bugu 22 bara, bakwai daga yadi 50 ko fiye. Dukiya ce, amma yawan ganinsa a fili alama ce ta tafiyar da ta mutu a hanya. A Indiyana bugunsa uku ne suka ba da maki tara cikin 15, aka faɗi da tazarar biyar. Da ɗaya daga cikinsu ya zama tacdawun, da labarin ya canza. Bugun sallama, wanda ake yi a yunƙuri na huɗu don tura abokan gaba baya, ya yi rauni bara, kuma ƙungiyar da ke cin wasa da tazarar maki uku ba ta da yadi goma na kyauta.

Jadawalin ya fi na bara sauƙi ta wani gefe: babu Oregon, babu Penn State, babu Indiyana, babu Teksas. Ta wani gefen ya fi tsauri. Bara wasa takwas aka yi a gida, a filin da ke ɗaukar mutum 107,601, biyar na farko a jere. Huɗun da aka yi a filin baƙi an faɗi uku, makin da aka ci kuma 17, 7, 15 da 13 ne, wato 13 a wasa. A 2025 shida ne a waje: Oklahoma, Nebraska, USC, Jihar Mishigan, Northwestern da Merilan. A filin baƙi ihu yana hana 'yan katanga jin muryar kwatabak, sai a koma ishara da ƙafa ko tafi, ɗan gefe yana leƙen ƙwallo maimakon kallon mutuminsa, ya makara da rabin taku. Rabin takun nan shi ne bambancin jifa da faɗuwa. Ƙari a kan haka, jami'ar ta yanke wa koci Sherrone Moore dakatarwar wasa biyu saboda binciken satar alamun abokan karawa, wasa na uku da na huɗu, na huɗun kuwa shi ne tafiya Nebraska.

A tsarin 2025 gasar kofin ƙasa ƙungiya 12 take ɗauka, biyar zakarun rukuni, bakwai zaɓin kwamiti. Bara babu wadda ta faɗi sau uku ta shiga ta ƙofar zaɓi, Alabama mai 9 da 3 a waje ta kwana. Ke nan Mishigan tana buƙatar 10 da 2, kuma Ohayo tana zuwa Ann Arbor ranar 29 ga Nuwamban 2025 da haushin shekara huɗu. Da tsaro mai kyau amma ba kamar na Nuwamban bara ba, da jifa da ya tashi daga ƙasan jeri zuwa tsakiyarsa, yadi 200 da ɗoriya a wasa, nasara tara ce abin da hankali zai ɗauka, ta goma kuma tana rataye a kan Oklahoma, Nebraska da USC, dukansu a waje, dukansu kafin tsakiyar Oktoba, lokacin da yaron bai gama sabawa ba.

Wasan New Mexico na 30 ga Agustan 2025 ba zai nuna komai ba. Na 6 ga Satumba a Norman, gidan Oklahoma, zai nuna, domin Brent Venables, kocin Oklahoma, ya ƙware wajen ɓoye tsayuwar 'yan tsaronsa har sai an miƙo ƙwallo, kuma shi ne ya tsara tsaron Clemson a shekarar Lawrence. Mai kallo ya ɗauke ido daga kan ƙwallo a yunƙurin farko na kowace tafiya, ya ƙirga jajayen riguna da ke cikin yadi bakwai daga layi. A zangon farko takwas za a gani. Sai a sake ƙirgawa a zango na uku.